Kira Uku a Fadamar Kyauro

"Ba za a yi kiran ba, Bibi," in ji Sarkin Yaƙi Bhai Dalpat. "Ki raba gurasar nan shiru, kowa ya ci a inda yake kwance."

Bibi Rajwanti ba ta ɗago kai ba. Ta juya gurasa ta ƙarshe a kan kasko, ta ce da shi tun da aka girka tukunyar Guru ba a taɓa jin an raba abin da ke cikinta a ɓoye kamar kayan sata ba. Shi kuwa ya amsa mata da cewa tun da aka girka ta ɗin ma, ba a taɓa dafa ta cikin laka, dakarun Mugal sun yi mata zobe ba.

Kwana uku ke nan da yaƙin Mashigin Kalwan, kuma tambari ne ya jawo shi. A daular Mugal tambari kayan sarauta ne, ba mai buga shi sai wanda Sarkin Sarakuna ya yi wa izini. Su kuwa Sikhawa, mabiya Guru, jagoran addininsu, suna da nasu a ganuwar Sukhangar, suna buga shi saboda abinci. Al'adarsu ce da suke kira langar, wato girkin Guru. Idan tukunya ta sauka, ba mai kai loma baki sai an buga tambari, wani ya hau wuri mai tudu ya yi shela sau uku cewa abinci ya nuna, mai jin yunwa ya zo. Duk wanda ya amsa, attajiri ko fakiri, masoyi ko maƙiyi, sai ya zauna a ƙasa cikin sahu ɗaya a zuba masa. Ba a tambayar sunansa, ba a tambayar addininsa.

Faujdar Safdar Beg, sarkin yaƙin lardin, ya aiko manzo sau biyu a fasa tambarin. Sau biyu aka ciyar da manzon, aka sallame shi da haƙuri. A karo na uku Faujdar ya zo da kansa, da dawaki dubu uku da 'yan bindiga da giwaye biyu. Guru yana can kan duwatsun arewa, saboda haka Bhai Dalpat ne ya fita da mutum ɗari huɗu ya tare su a mashigin kogin Biyas. Tun hantsi aka gwabza har rana ta karkata. Sau uku dawakin Mugal suka faɗa ruwa, sau uku Sikhawa suka mayar da su, har kogin ya riƙa tafiya da rawuna da garkuwoyi kamar tarkacen ambaliya. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Da aka turo giwayen, sahu ya karye. Aka ci ganuwa, aka ƙone rumbunan alkama. Mutum sittin da huɗu ne suka tsira, maza da mata, suka kutsa cikin fadamar kyauro da ke gabas da kogin, inda ciyawa ta fi mahayi da dokinsa tsawo, laka kuma ke haɗiye kofato.

Mijin Rajwanti ba ya cikinsu. Bhai Mehar ne makaɗin tambarin, shi ne kuma mai shelar abinci. Shekara biyu da aurensu, kullum ita ke sauke tukunya ta ɗaga masa ludayi daga ƙofar madafa, shi kuma ya yi mata murmushi daga kan ganuwa ya ɗauki gular kaɗa tambari. Ganin ƙarshe da aka yi masa, yana bakin ruwa, an harbe dokinsa, ya rungume tambarin da hannu ɗaya yana bugawa da ɗayan. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa. Da wannan kaɗai take numfashi.

Kwana biyu suka yi suna tauna saiwar kyauro. A safiyar na uku sai ga alfadari ya ɓullo cikin ciyawa shi kaɗai, ɗauke da buhun garin alkama da na wake da ƙunshin gishiri. Mutane suka yi godiya ga Mahalicci har da hawaye. Rajwanti ce ta kwance kayan, ta kuma lura ɗaurin igiyar ba irin na mutanensu ba ne, alfadarin ma a ƙoshe yake, ba kamar dabbar da ta yi kwanaki tana yawo ba. Ta dubi masu rauni tara da ke kwance a kan tudu, leɓɓansu sun bushe, ta haɗiye abin da ta gani. Ta haƙa rami ta hura wuta tun hazon kogi bai washe ba, don ya rufe hayaƙin. Yanzu rana ta take tsaka, abinci ya nuna, ƙamshinsa na sa maza jarumai haɗiyar yawu.

Da gardama ta ƙi ƙarewa tsakaninta da Sarkin Yaƙi, aka kira majalisa a gindin wata busasshiyar bishiya. Baba Sundar ne ya zauna a tsakiya, dattijon da ya yi wa Guru biyu hidima, na da da na yanzu, gemunsa fari fat har ƙirji. Sarkin Baka da Sarkin Dawaki suka zauna dama da hagu, ko da yake ɗaya ba shi da sauran kibiya, ɗayan ba shi da sauran doki. A sama ungulaye na shawagi. Can cikin ruwa wata gauraka ita kaɗai tana kuka, tsuntsuwar da mutanen ƙasar suka ce ba ta sake miji in nata ya mutu. Rajwanti ta kawar da kai daga kallonta.

Bhai Dalpat ya miƙe, hannunsa na hagu ɗaure da tsumman rawani. Ya ce:

"Baba ji, da ku 'yan'uwana. Ranar da Guru zai hau duwatsu ya damƙa mini mutum ɗari huɗu, ya ce in riƙe masa su amana. Yau in ya tambaye ni, sittin da huɗu zan nuna masa. Maƙiyi yana kewaye da fadamar nan, bai san tudun da muke kai ba, kuma wannan rashin sanin nasa shi ne kaɗai ganuwar da ta rage mana. Murya ɗaya za ta rushe ta. Ni ban ce a bar al'ada ba. Na ce a jinkirta ta kwana ɗaya, don a sami waɗanda za su raya ta gobe."

Sarkin Dawaki ya goyi bayansa, ya ce gawa ba ta ciyar da kowa. Sarkin Baka kuwa yana ta tonon ƙasa da tsinke.

Sai Baba Sundar ya karɓi magana. Da ya buɗe baki, muryarsa a hankali take, sai da aka matso. Ya ce shi ba ya ƙaryata ko kalma ɗaya daga maganar Sarkin Yaƙi. Amma yana so a gaya masa abin da ya kai mutum ɗari uku da doriya ƙasa a mashigin Kalwan. Faujdar bai nemi gonakinsu ba, bai nemi 'ya'yansu ba, cewa ya yi su ci abincinsu shiru. Da sun yarda, da yanzu kowa yana ɗakinsa.

"In yau muka ci shiru," in ji shi, "to Faujdar ya sami abin da ya zo nema, kuma waɗanda suka mutu sun mutu a kan abin da ya fi ƙarfinmu cikin kwana uku kacal."

Majalisa ta rabu biyu. Nan ne Bhai Dalpat ya juyo wajen Rajwanti, wadda ke tsaye a gefe da ludayi a hannu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya ce kowa a nan ya san dalilin da ya sa take son a yi kiran. Tana zaton Mehar yana kwance wani wuri cikin kyauron nan, ya ɓata, in ya ji shela zai rarrafo. Ya ce yana tausayinta, Mehar ƙaninsa ne a fagen fama, amma ba za a sayar da rai sittin da huɗu a kan tsammanin rai ɗaya ba.

Maganar ta soke ta kamar mashi, don gaskiya ce. Tun da ta hura wutar take jin sautin muryar mijinta a kunnenta, tana ayyana yadda ciyawa za ta buɗe ya fito yana ɗingishi, ya ce mata ta cika gishiri kamar yadda ya saba zolayarta. Ta ji kunya ta rufe ta har tafin ƙafa.

"Ba ka yi mini ƙarya ba, Bhai ji," in ji ta. "Ina son ya ji. Na rantse ban san ko don Guru nake son kiran ba ko don shi, zuciyar ɗaya ce, na kasa raba ta. Amma ga ludayi. Ka raba da hannunka, ni nawa ba zai iya ba."

Bhai Dalpat ya karɓa. Ya ɗebi romon wake a ganye, ya ɗora gurasa, ya nufi wanda ya fi kowa jin jiki cikin masu rauni, wani manomi da giwa ta taka wa ƙafa. Mutumin ya dubi abincin, hancinsa na rawa. Sai ya tambaya ko an yi kira shi bai ji ba, don kunnensa ya yi nauyi tun ranar yaƙi. Aka ce ba a yi ba. Ya juya fuskarsa wajen ciyawa ya rufe ido. Na biyu ma haka. Na uku ya karɓa ya riƙe a hannu, yana kuka, bai kai baki ba.

Sarkin Yaƙi ya tsaya da ganye a hannu, rana na dukan kansa. Daga bisani ya dawo ya miƙa wa Rajwanti ludayinta, bai dube ta ba. Ya umarci masu sauran ƙarfi su zare takubba su kewaye tudun.

Ta hau kan kututturen bishiyar. Ba a taɓa jin mace ta yi wannan shela a Sukhangar ba, amma babu wanda ya hana ta. Ta fuskanci yamma, wajen kogi, ta cika ƙirji.

"Girkin Guru ya nuna. Mai jin yunwa ya zo ya ci."

Ta juya kudu ta maimaita, ta juya arewa ta cika na uku. Muryarta ta bi saman kyauro ta tafi, tsuntsaye suka tashi fir, gaurakar ta yi shiru. Aka jera sahu a ƙasa, aka zuba wa kowa, amma idanu duk suna kan ciyawa.

Ba a jima ba kyauro ya motsa daga yamma. Rajwanti ta zuba wa wurin ido, tana fatan Mehar ne. Ciyawa ta buɗe. Wanda ya fito dogon mutum ne Bafatane, daga ƙabilar mayaƙan duwatsun yamma, da sulke da kwalkwalin Mugal, laka har gwiwa, takobinsa a kube, ya ɗaga farin ƙyalle a kan sanda. Ya ce sunansa Barde Hayat Khan, shugaban dakarun ƙafa na rundunar Faujdar, ya zo da saƙo.

Takubba suka yi kansa. Baba Sundar ya ɗaga hannu, ya ce mutumin ya shigo ne a kan kira, saboda haka saƙonsa ya jira, ya zauna tukuna. Barden ya ajiye sandarsa. Sa'an nan ya tuɓe kwalkwali, ya zauna a ƙarshen sahu kusa da manomin da giwar rundunarsu ta taka. Rajwanti ta zuba masa da hannunta. Ya yi bisimilla ya ci, kowa ya ci. Ba a ji komai a tudun ba sai taunar mayunwata.

Da ya wanke hannu ya miƙe ya isar da saƙo. Faujdar Safdar Beg, Takobin Daula, Garkuwar Lardi, ya ba su zuwa faɗuwar rana. Su fito su zubar da makamai, su rantse ba tambari ba shela har abada. In sun yi, za a bar mata da masu rauni, mazan a kai su birnin Lahor cikin mari. In sun ƙi, za a cinna wa fadamar wuta daga kusurwa huɗu.

Bhai Dalpat ya tambaye shi yadda aka yi ya iso da wuri haka. Barden ya sunkuyar da kai. Ya ce ba su neme su ba ko na sa'a ɗaya, jira kawai suka yi. Tun shekaranjiya Faujdar ya so sa wuta, shi ne ya ba da shawara a majalisa cewa babu bukata: a saki alfadari da gari, su da kansu za su faɗi inda suke kafin azahar. Ya san haka ne domin a shekarar fari, yana sojan haya marar ubangida, yunwa ta kai shi ƙofar Sukhangar, ya ci kwana goma sha ɗaya a sahunsu ba wanda ya tambaye shi ko shi wane ne.

"Na yi zaton ina tsare ku daga wuta ne," in ji shi. "Da na ji muryar baiwar Allahn nan, na so a ce ƙaryata ni kuka yi."

Rajwanti ta tuna da alfadarin. Ɗaurin igiyar nan, ta gan shi, ta yi shiru. Ta ɗago ta faɗa wa majalisa haka a fili. Sai ta matsa gaban Barden ta yi tambayar da ke cin ta, ko ya san makaɗin tambari.

Ya ce ya san shi. Yana raye, ɗaure a jikin tambarinsa a ƙofar tantin Faujdar. Kwana uku ana matsa masa ya buga don ya jawo 'yan'uwansa waje, ya ƙi, har aka karya masa yatsu. An yanke za a sare shi da faɗuwar rana, ko sun miƙa wuya ko ba su miƙa ba. Ya ƙara da cewa sansanin ba shi da nisa, iska kuma daga gabas take. Ɗazu da kiran ya iso, wani ɗan tsaro ya gaya masa fursunan ya ɗago kai ya yi dariya, ya ce wannan muryar ya san mai ita, kuma tabbas ta cika gishiri.

Rajwanti ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe ludayin da hannu biyu kamar wanda ruwa ke ja ya sami reshe.

Barde Hayat Khan ya ɗauki kwalkwalinsa. Ya ce shi bawan Sarkin Sarakuna ne, ba zai ci amanar ubangidansa da bakinsa ba. Amma sau biyu ke nan yana cin gishirinsu, kuma ba laifi ba ne baƙo ya ba masu gida labarin yadda yake yini. Gefen gabas, inda laka ta hana doki shiga, shi da mutanensa arba'in ke tsaro. Al'adarsu ce su yi sallar la'asar cikin jam'i gaba ɗaya, alƙiblar ƙasar kuwa yamma take, duk wanda ya raɓa ta gefensu cikin kyauro ya yi gabas yana bayansu. Shi ne limaminsu, an kuma san shi da daɗewa a sujada. Sai dai Faujdar ya sa mutane a kan giwaye suna duban tudun nan. Muddin suna ganin hayaƙi, suka kuma ji kiran abincin maraice a lokacinsa, zai tabbata tsuntsu na cikin tarko, ya jira wa'adinsa. In tudun ya yi tsit, zai saki dawaki su zagaya gabas, su tarar da masu gudu a fili.

Ya yi sallama ya koma cikin ciyawa.

Lissafin a bayyane yake, ba wanda ya so ya fara faɗa. Masu rauni tara ba za su iya laka ba, ɗaukarsu kuma zai cinye lokacin sallar. Manomin nan ne ya sauƙaƙa musu, ya ce su dai a jingina su da bishiya a ba su takubba, sun ƙoshi. Saura mai wuta da kira. Bhai Dalpat ya ce shi zai tsaya, don shi ya kai mutane mashigin Kalwan. Baba Sundar ya tuna masa cewa amana a hannunsa aka sa, shi zai mayar wa Guru da abin da ya rage, ya ce shi tsoho ne ya fi cancanta, kwanansa sun ƙare da ma. Sarkin Baka ya ce masa cikin ladabi muryarsa ba ta kai bakin tudun nan, balle kunnen Faujdar.

Rajwanti tana jin su kamar daga nesa. Ta dubi rana, ta fara karkata. Ta tuna Mehar a kan ganuwa da gula a hannu, yana jiran ta ɗaga ludayi. Ta ga yadda zai zauna yau a jikin tambarin, yatsu a karye, inuwa na tsawo a gabansa, yana kasa kunne wajen gabas. Wannan karon da ta binciki zuciyarta, ba ta tarar da ita a rabe ba.

Ta tashi ta ɗebo ɗanyen kyauro ta zuba a ramin wuta. Hayaƙi fari ya murtuke ya miƙe sama, inda duk mai ido zai gani. Ta auna sauran garin, ta ƙulle kashi biyu ta miƙa wa Sarkin Yaƙi guzuri, ta bar kashi ɗaya a kasko. Bhai Dalpat ya fara cewa ba zai bar mace a baya ba, Guru ba zai yafe masa ba. Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun safe, ta yi magana yadda duk tudun zai ji.

"Muryata suka ji da rana, Bhai ji, ita za su saurara da maraice. Ni na ga ɗaurin igiya na yi shiru, ni na kira su, ni zan riƙe su. Ku shirya, la'asar ta kusa. Ka gaya wa Guru ba a ci abincinsa a ɓoye ba ko sau ɗaya. Ni zan tsaya a kan tukunya, in yi kiran maraice sau uku, akwai mai jin yunwa da ke jiran ya ji."